Sawaba da tambarin "kwaminis": abin da rikicin siyasar 1958 zuwa 1974 ya ci wa talakawa



Tun watan Oktoban 2024, lokacin da hukumomi suka cire sunan Charles de Gaulle daga wani babban titi na Yamai suka sa na Djibo Bakari, matasa ke ta tambayarmu: wane ne wannan mutum, kuma me ya sa tsofaffinmu ke rage murya idan an ambaci Sawaba? Wannan bayani amsa ce ga waɗannan tambayoyi. Za ku ji asalin jam'iyyar, da yadda aka murƙushe ta da sunan yaƙi da kwaminisanci, sannan da abin da ya sami manoma da makiyaya a ƙasashen da kwaminisancin ya hau mulki, domin labarin ba ya cika sai an ji ɓangarorin biyu.

Ma'anar kalmomin biyu

Sawaba kalmarmu ce ta Hausa, ma'anarta sauƙi, ko samun sarari bayan wahala. Ba a Nijar kaɗai ta shiga siyasa ba. Jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano a 1950, wadda Malam Aminu Kano ya jagoranta, ita ma da sawaba take kirari, kuma daga nan Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta samu laƙabinta.

Kwaminisanci kuwa, wanda wasu ke haɗawa da gurguzu, aƙida ce da ta samo tushe daga rubuce-rubucen wani Bajamushe mai suna Karl Marx. Masu ita na cewa gonaki, masana'antu da manyan hanyoyin samun dukiya su fita daga hannun ɗaiɗaikun mutane su koma na jama'a baki ɗaya, domin a kawar da bambancin mai kuɗi da talaka. A aikace, inda suka karɓi mulki, gwamnati ce ke riƙe dukiyar, jam'iyya ɗaya kuma ke riƙe gwamnatin. Ƙasa ta farko da aka gwada haka ita ce Rasha a 1917, a ƙarƙashin Lenin.

Daga ina Sawaba ta fito

An haifi Djibo Bakari a 1922 a garin Sudure kusa da Yamai. Diori Hamani, wanda ya zama shugaban ƙasa na farko, shi ma ɗan Sudure ne, kuma 'yan uwan juna ne. Dukansu malaman lakwal ne, dukansu sun fara siyasa a jam'iyyar PPN da aka kafa a 1946, reshen RDA a Nijar.

A farkon lamari RDA tana ƙawance da jam'iyyar kwaminis ta Faransa. A 1950 shugaban RDA, Houphouët-Boigny na Kodebuwa, ya yanke wannan ƙawance don ya sasanta da Turawan mulki. Diori ya bi shi. Djibo ya ƙi, ya koma aikin ƙungiyoyin ƙwadago, sannan a 1954 ya kafa jam'iyyar UDN. A ƙarshen 1956 ta haɗe da wata jam'iyyar, BNA, suka zama MSA, amma a bakin jama'a sunanta Sawaba. Alamarta raƙumi, alamar RDA giwa.

Magoya bayanta yawanci ƙananan mutane ne: direbobi da yaran mota, 'yan dako, teloli, mahauta, masu sayen gyaɗa, 'yan koli, ƙananan ma'aikatan bariki. Irin mutanen da ke yawo tsakanin ƙauye da birni, suna kai labari daga kasuwa zuwa kasuwa. Shi ya sa ta yi ƙarfi a ƙasar gyaɗa, wato Maraɗi, Tasawa, Damagaram, Matamai da Magarya. Abin da ya jawo su shi ne gajiya da lanho, da tuna aikin tilas, da wulaƙancin wasu sarakai da 'yan barandansu. Akasarinsu Musulmi ne masu salla, ba su taɓa karanta Marx ba.

Djibo ya zama magajin garin Yamai na farko a 1956. A zaɓen Maris 1957 Sawaba ta ci kujeru 41 cikin 60 na majalisa, shi kuma ya jagoranci gwamnatin cikin gida ta farko. A wannan ɗan lokaci gwamnatinsa ta sauke wasu sarakai daga gadon sarauta, magoya bayanta kuma sun sha gwabzawa da na RDA a tituna. Wannan ya tara mata maƙiya masu ƙarfi.

Ƙuri'ar 1958

A ranar 28 ga Satumba 1958 Janar de Gaulle ya shirya ƙuri'ar raba gardama a ƙasashen da Faransa ke mulka: ko a ce "i" a zauna cikin tarayya da Faransa, ko a ce "a'a" a karɓi 'yanci nan take. Djibo ya ce a'a, kamar Seku Ture na Gini. Faransa ta aiko sabon gwamna, Don Jean Colombani, wanda ya jawo sarakai gefensa, ya baza sojoji cikin ƙasa, ya tsoratar da masu a'a. Sakamakon da aka bayyana ya ba "i" kusan kashi 78 cikin 100, amma waɗanda suka fito jefa ƙuri'a ba su kai kashi 40 cikin 100 na masu rajista ba.

Gwamnatin Djibo ta faɗi a watan Oktoba. A zaɓen Disamba 1958 Sawaba ta ci kujerun Damagaram da Tasawa, sai aka soke sakamakon wuraren biyu. Diori ya karɓi ragama. A ranar 12 ga Oktoba 1959 aka haramta jam'iyyar gaba ɗaya. Ke nan ranar da Nijar ta samu 'yancin kai, 3 ga Agusta 1960, jam'iyya ɗaya ce ta rage a ƙasa, kuma haka aka zauna har 1974. Manyan masu faɗa a ji su uku ne: Diori Hamani, Bubu Hama shugaban majalisa, da Diamballa Yansambu Maiga ministan cikin gida.

Gudun hijira da ɗaukar makami

Djibo ya yi gudun hijira zuwa Bamako, daga baya Akara a Gana ta Kwame Nkrumah. Da aka toshe mata hanyar zaɓe, Sawaba ta nemi taimako wurin ƙasashen Gabas. Ta tura matasa karatu Tarayyar Sobiyet, Jamus ta Gabas, Bulgeriya da sauransu. Wasu kuma aka kai su horon soja a Aljeriya, Sin, Biyetnam ta Arewa da Gana. Kano ta zama babbar mahaɗa, inda 'yan NEPU ke ba su masauki, yayin da gwamnatin Sardauna ke ɗasawa da Diori. Duk wanda ya san hanyar Magarya zuwa Tinkim da Babban Mutum, ko ta Dungas zuwa Maigatari, ya san yadda tsallaka wannan iyaka ke da sauƙi ga mai dangi a gefe biyu.

Wannan alaƙa da ƙasashen Gabas ita ce ta ba gwamnati hujjar manna wa duk ɗan Sawaba tambarin kwaminis, mai son kwashe gonaki, marar addini, karen farautar ƙasashen waje.

A watan Oktoban 1964 ƙananan rukunonin mayaƙan Sawaba suka shigo ƙasa ta iyakokin kudu da yamma, tun daga wajen Dahome da Haute-Volta, zuwa Ƙonni, har Boso kusa da Tafkin Cadi. Sun kai hari kan wasu ofisoshin gwamnati, an kuma rasa rayuka ta ɓangarorin biyu. Sun yi tsammanin jama'a za su tashi su mara musu baya. Hakan bai samu ba. Gwamnati, da taimakon jami'an Faransa, ta riga ta san shirinsu, ta kuma umarci sarakai da masu gari su fito da mutanensu da kwari da baka a farauto su cikin daji.

Abin da ya sami mutane

Tun kafin harbin farko ma an fara zubar da jini. A 1964, bayan wani taron siyasa da manyan gwamnati suka halarta a Jiratawa kusa da Maraɗi, an kama mutane da dama aka cusa su cikin ƙaramin ɗaki a gidan kason Maraɗi. Fiye da mutum 20 suka mutu saboda rashin iska.

Bayan shigowar mayaƙan, abin ya ƙara muni. A tsakiyar watan Oktoban 1964 aka harbe mutum 4 a bainar jama'a a Yamai, gaban dubban 'yan kallo. Ɗaya daga cikin jagororin Sawaba, Danduna Abubakar, an kashe shi a yankin Ƙonni, aka kai gawarsa Yamai aka ajiye a fili don mutane su gani su ji tsoro. Ga Musulmi, hana gawa sutura ba ƙaramin abu ba ne, kuma da gangan aka yi.

A ranar 13 ga Afrilu 1965, ranar Babbar Salla, wani ɗan Sawaba mai suna Amadu Diop ya jefa gurneti inda Diori ke salla a filin idi na Yamai. Diori ya tsira, amma wani yaro ya rasu, wasu suka ji rauni. Daga nan kame ya zama ba ji ba gani. An tsare ɗaruruwan mutane, an azabtar da wasu da duka da wutar lantarki don su ambaci sunayen abokansu. An rarraba fursunoni zuwa wurare kamar Tilaberi, Tawa, Agadas da Bilma, inda dangi ba sa iya kai ziyara. Wasu sun mutu a can saboda yunwa, ciwo da rashin magani.

Akwai kuma ɓarnar da ba ta shiga lissafi. An kori ma'aikaci daga aiki saboda ƙaninsa ɗan Sawaba ne. Ɗalibin da ya dawo daga Mosko da takardar likita ko injiniya ya tarar da jandarmomi na jiransa. Mace ta shekara da shekaru ba ta san ko mijinta na raye ba, ba aure ba takaba. Magidanci ya tsallaka Daura ko Kano ya bar gonarsa ta zama saura. Katin jam'iyya ya zama kamar lanho na biyu, wanda bai saya ba abin zargi ne. Mafi ciwo, tsegumi ya samu kasuwa: mai rikicin gona da maƙwabcinsa, ko mai neman sarauta, ya isa ya raɗa wa hukuma cewa wane yana karɓar baƙi da dare. Shirun da kuke ji a bakin tsofaffi daga nan ya samo asali.

Wani masanin tarihi ɗan ƙasar Holan, Klaas van Walraven, ya yi shekaru yana zagaya Nijar yana hira da tsofaffin 'yan Sawaba, ya fitar da babban littafi a kansu a 2013. Yawancin waɗanda ya zanta da su sun riga mu gidan gaskiya.

A can inda kwaminisanci ya hau mulki

To, kada mai saurare ya ɗauka cewa ƙasashen da suka horar da matasan Sawaba aljanna ce ga talaka. A can, su kwaminis ɗin ne ke riƙe da bulala.

A Rasha, makonni kaɗan bayan karɓar mulki, a watan Disamban 1917, gwamnatin Lenin ta kafa 'yan sandan ciki da ake kira Ceka. A ranar 30 ga Agusta 1918 wata mata mai suna Fanny Kaplan ta harbi Lenin, bai mutu ba. Kwanaki kaɗan bayan haka, 5 ga Satumba, aka fitar da dokar da ta buɗe abin da su da kansu suka kira Jan Ta'addanci: a kama, a yi garkuwa, a harbe ba tare da shari'a ba. Dubban mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba suka tafi a kan laifin mutum ɗaya.

Manoma ne suka fi ji a jika. Gwamnati na aika 'yan bindiga ƙauyuka su kwashe hatsi daga rumbuna, har da iri. Da manoman lardin Tambov suka yi bore a 1920 zuwa 1921, sojoji suka murƙushe su, suna tsare mata da yara don mazan su miƙa wuya. Fari ya zo ya tarar da rumbuna wayam, yunwar 1921 zuwa 1922 ta kashe kimanin mutum miliyan 5.

A zamanin Stalin aka tilasta wa manoma haɗe gonaki da dabbobinsu a gandun gwamnati. Duk manomin da ya ɗan fi maƙwabtansa, ko da da saniya biyu ne, ana iya manna masa sunan "kulak", wato maƙiyin talakawa. A 1930 da 1931 kaɗai an kwashe kimanin mutum miliyan 1.8 zuwa Saiberiya da wasu wurare masu nisa. Wata doka ta 7 ga Agusta 1932 ta sa ko kalar hatsi a gandun gwamnati bayan girbi na iya kai mutum kaso na shekara 10, ko ma kisa. Ku duba fa, kala, abin da tsohuwa da yara ke yi a gonakinmu ba mai ce musu kanzil. Yunwar farkon shekarun 1930 ta kashe sama da mutum miliyan 3 a Yukren, da kimanin miliyan 1.5 a Kazakistan, inda akasarinsu makiyaya ne da aka raba da garkensu aka tilasta musu zama wuri ɗaya. A 1937 da 1938, bisa takardun gwamnatin Sobiyet ɗin kanta, an harbe kimanin mutum 680,000, cikinsu har da manyan 'yan jam'iyyar. Sai a 1956 sabon shugaba Khrushchev ya amsa wani ɓangare na laifin a gaban taron jam'iyya.

A Sin, bayan Mao ya karɓi mulki a 1949, an tara masu gonaki a dandalin ƙauyuka ana yi musu shari'ar taro, aka kashe dubban ɗaruruwa. Shirinsa na haɗe ƙauyuka da ya fara a 1958 ya haifar da yunwar da masana ke ƙiyasta ta ci tsakanin mutum miliyan 15 zuwa 45. Matasan Nijar da suka je horo can a farkon shekarun 1960 sun sauka ne a ƙasar da ba ta daɗe da binne waɗannan mutane ba.

Kusa da mu, Gini ita kaɗai ce ta ce a'a a 1958, ta kuma jingina da ƙasashen Gabas. Seku Ture ya mayar da ita ƙasar jam'iyya ɗaya, barikin Boiro na Konakri ya zama makabartar 'yan adawa. A nan Diallo Telli, babban sakatare na farko na Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, ya rasu a 1977 bayan an kulle shi an hana shi ci da sha.

Idan kun lura, hanyar aikin iri ɗaya ce a Yamai da Mosko, duk da tutocin sun saɓa. A haramta sauran jam'iyyu. A ƙirƙiro suna guda, can "kulak", nan "kwaminis", wanda da zarar an liƙa wa mutum shi ke nan ba shi da haƙƙi. A mai da maƙwabci ɗan rahoto. A hukunta dangi a kan laifin mutum ɗaya. Adadin mamatan ba ɗaya ba ne, na Rasha da Sin ya ninka namu nesa ba kusa ba, amma uwar da aka tafi da ɗanta ba ta lissafi da miliyan.

Yadda ta ƙare

Fari da yunwar farkon shekarun 1970 sun raunana gwamnatin Diori. A ranar 15 ga Afrilu 1974 sojoji ƙarƙashin Seyni Kunce suka kifar da ita, matar shugaban, Aisa Diori, ta rasa ranta a daren. Aka buɗe gidajen kaso, sauran fursunonin Sawaba suka fito, 'yan gudun hijira suka dawo, har da Djibo. Diori kuma aka kawo shi nan Damagaram aka tsare. Duniya rawar 'yan mata, na gaba ya koma baya.

Sawabar ba ta daɗe ba. A 1975 Kunce ya kama Djibo bisa zargin shirya juyin mulki, ya shekara biyar a tsare. Marubuci Abdullahi Mamani, tsohon ɗan majalisar Sawaba daga Damagaram, wanda ya rubuta littafin Sarauniya, shi ma ya sha ɗauri a wannan zamani. Sai gab da babban taron ƙasa na 1991 aka dawo da jam'iyyu da yawa. Djibo ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1993, bai samu ko kashi 2 cikin 100 ba. Ya rasu a Yamai a watan Afrilun 1998. Yau gadar Fariye da ke kan kogin Kwara tana ɗauke da sunansa, ga kuma titin da muka ambata.

Abin da ya rage a hannunmu

Shugabanni sun samu gada da titi. Direba, tela da manomin gyaɗa da suka mutu a kaso, da ɗan ƙauyen da aka fito da shi da kwari da baka ya je ya mutu a daji, ba inda aka rubuta sunayensu. A garuruwanmu akwai gidajen da kakansu ɗan raƙumi ne, da gidajen da kakansu ɗan giwa ne, kuma yau jikokin sun auri juna.

Wanda ya kai shekara 20 a 1964 yanzu ya haura 80. In kana da irin wannan tsoho ko tsohuwa a gida, ka zauna da su bayan sallar isha'i ka tambaye su cikin ladabi, ka ɗauki muryarsu a waya idan sun yarda. Ku 'yan uwa na ci-rani, in kun bugo gida ku tambayi Baba ko Inna abin da suka gani a shekarar da aka yi farautar 'yan Sawaba. Wanda ya ga dama a saka labarinsa a shirinmu na tarihi, ƙofa a buɗe take, kuma ba za mu ambaci sunan kowa ba sai da izininsa.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu ta kowane ɓangare, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.